A gina tsarin rage ƙiba a kan tukunyarmu ta gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin jadawalin abincin rage ƙiba da ke yawo a Kano, wasu a takardun da ake miƙa wa marasa lafiya, wasu kuma a saƙonnin da mata ke tura wa juna ta WhatsApp. Ni malamar makaranta ce kuma matar aure mai girka wa mutum tara kullum, don haka abin da zan faɗa ya fito ne daga madafina, da abin da na karanta, da tambayoyin da na yi wa ma'aikatan lafiya a tsawon shekara biyu.

Na je wani asibiti a cikin gari saboda ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga kuma ciwon gwiwa da ya fara hana ni zaman tahiya yadda ya kamata. Aka auna jinina aka ce ya hau, aka ɗora ni a sikeli ya nuna kilo 94, tsawona kuwa mita 1.62. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, inda ake raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa, wanda ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima, wanda ya kai 30 kuwa yana da ƙiba. Nawa ya kusa 36. Da zan fito sai aka miƙo mini wata takarda da Turanci, wadda ta sha kwafi har rubutunta ya fara dusashewa. Da safe a sha kunun oat da madarar almond, da rana a ci kifin salmon da burokoli, da dare kuma ɗanyen ganye da ƙirjin kaza. Na ɗauki maganar da gaske, na shiga wani babban kanti na sayi abin da na samu daga ciki, kuɗin cefanen gidan na kwana uku ya tafi a kan abincina ni kaɗai. Na riƙa ɗora tukunya biyu, ina zuba wa kowa tuwo ina komawa gefe da ɗan farantina. Kwana tara na yi a haka. A daren na tara, bayan kowa ya kwanta, na shiga madafi na buɗe kula na cinye malmala biyu da rabi na tuwon shinkafa da miyar taushe, na zauna a kan kujera 'yar tsuguno ina kuka, domin na ɗauka ni ce ba ni da juriya.

Sai daga baya na gane cewa wanda ya tsara takardar nan ya tsara ta ne domin mutanen da wancan abincin shi ne cimarsu ta kullum, kuma shi ne mai araha a kasuwarsu. Idan aka tuɓe wa takardar baƙin sunaye, abin da take nema bai wuce abu huɗu ba: hatsin da ba a raba shi da dusarsa gaba ɗaya ba, abinci mai gina jiki, ganye mai yawa, da mai kaɗan. Duka huɗun suna nan jibge a Kasuwar Rimi da Yankaba da Dawanau. Gero da dawar da ba a yi musu surfe mai yawa ba suna tsayawa a gurbin oat. Kifin titus na ƙanƙara yana cikin kifaye masu irin man da ake yabon salmon saboda shi, ga kuma karfasa da tarwaɗa. Zogale da alayyahu da rama da kabeji ba su da abin da za su ji kunyarsa a gaban burokoli, ɗan gyaɗa kuma yana yin aikin almond. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a dafa su da kuma yawan da za a zuba a faranti, kuma a nan ne takardun nan suke yin shiru.

Zan fara da mai, domin a ganina shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin, wato sinadarin gina jiki, yana ba jiki kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), amma giram ɗaya na mai yana ba shi 9, kuma wannan ya shafi man ƙuli da manja da man shanu da kakiɗe da man zaitun baki ɗaya. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai yana ɗauke da kalori kusan 120. Wata Asabar na zuba garau-garau a faranti, na ɗauko kwalbar man ƙuli, amma maimakon in tsiyaya kai tsaye kamar yadda na saba, sai na tara cokali a bakin kwalbar ina ƙirgawa har abincin ya yi irin sheƙin da idona ya saba gani. Cokali biyar na ƙirga. Kalori 600 ke nan kafin a lissafa shinkafar da waken, alhali abin da mace matsakaiciya ke buƙata a yini guda bai wuce wajen 2,000 ba. Tun ranar na rataye cokali a wuyan kwalbar, na koma cokali ɗaya, na ƙara yaji da tumatir da albasa da latas, kuma cikin mako biyu harshena ya daina neman wancan. Haka na yi wa miya. Mun taso ana koya mana cewa miya ba ta soyu ba sai mai ya taso yana yawo a samanta, amma idan aka bar kayan miya suka tafasa ruwansu ya ƙone tsaminsu ya fita, ludayi ɗaya na mai ya ishi tukunyar da a da take shanye uku. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi da ayoyo ma daddawa suke so fiye da mai.

Daga nan sai musaya ta gaskiya, wadda yawancinta sauya hanyar dahuwa ce kawai. Waken da za a yi ƙosai da shi ya sha mai a kasko, shi ne dai za a turara a yi alale, muddin an auna man da aka zuba a ƙullun. Awarar da ake soyawa ana iya yanka ta a jefa cikin miyar ganye ta dahu. Kifi da kaza a gasa ko a yi farfesu, a cire fatar kazar, mai tsire kuma a gaya masa ya zaɓo tsoka ya bar kitse. A garau-garau na juya lissafin, wake ya koma kashi biyu shinkafa kashi ɗaya, domin wake yana da furotin da yawa kuma yana daɗewa a ciki, mutum ba ya neman abin taɓawa kafin la'asar. Dambu kuwa, wanda muka saba yi tsaki fal da ɗan zogale a warwatse don ado, yanzu zogale da kabeji da karas su ne rabin madambaci. Kwaɗon zogale da na rama abinci ne da ya dace da mai son rage nauyi, sai dai a kula da hannu wajen ƙuli-ƙuli da mai, domin gyaɗa kusan rabinta mai ce, giram 100 nata na ɗauke da kalori wajen 570, shi ya sa mai zaune a shago yana ɓare ta yana hira zai iya cin abin da ya kai kwanon tuwo bai sani ba.

Akwai kuma musayar yaudara, kuma ita ce ta fi damuna, domin masu yin ta suna kashe kuɗi da kyakkyawar niyya amma sikeli ba ya motsi. Ta farko ita ce maganar acca da alkama. Ya zama ruwan dare a Kano da zarar an ce mutum yana da ƙiba ko ciwon suga, sai 'yan uwa su ce ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama ko faten acca, sai ya koma ɗin, yana cin malmala uku hankalinsa kwance. Alhali busasshen hatsi, ko shinkafa ce ko alkama ko gero ko dawa ko masara ko acca, kowane giram 100 yana tsakanin kalori 330 da 380 ne. Alkamar da aka niƙa da dusarta tana da fifiko wajen riƙe ciki da gyaran bayan gida, wannan gaskiya ne, amma malmala uku na alkama malmala uku ne. Ta biyu ita ce zuma a madadin sukari. Zuma tana da darajarta da babu mai musu, sai dai babban cokalinta yana da kalori wajen 60, na sukari kuwa wajen 50, saboda haka wanda ya kwarara ta a kunu da sunan gudun sukari bai rage komai ba. Haka dabino, wanda giram 100 nasa ya kai kalori 280. Uku sun isa buɗe baki, amma cin cikin tafi biyu ana kallon talabijin wani abu ne daban. Ta uku ita ce barin lemon kwalba a koma na malt da tunanin yana ƙara jini, alhali shi ma cike yake da sukari.

Fura da nono na ware ta daban saboda ƙaunar da muke yi mata. Gero ne da nono, ba abin zargi a cikinta, kuma ta ciyar da kakanninmu suna noma da fatauci. Inda muke kuskure shi ne mun mayar da ita abin sha, a ci shinkafa da miya a ƙoshi sannan a kora da kofin fura mai sukari cokali huɗu. Fura abinci ce cikakkiya. Ranar da zan sha ta da rana, ita ce abincin ranata, ƙwallo ɗaya matsakaici da nono mai yawa, ba tare da sukari ba ko da ɗan kaɗan.

Tun da na ambaci sukari, a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, ta kuma ce in an iya komawa rabin haka ya fi. Da yawa daga lemukan kwalba suna da kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita ɗaya ta cinye rabon yinin gaba ɗaya. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, amma babu harajin da zai shiga madafinmu ya ga abin da muke zuba wa zoɓo da kunun aya da kunun tsamiya da shayin safe. Ni dai ban yanke sukari dare ɗaya ba. Na riƙa rage rabin cokali duk mako, zoɓo kuma na ƙara masa citta da kanumfari da ɓawon abarba, har ya zama yaran gidan ma idan suka sha na biki sai su ce zaƙin ya yi yawa.

Batun awo shi ne ƙashin bayan maganar, kuma ba ya buƙatar sikelin madafi. Allah ya ba kowa ma'auni daidai jikinsa, wato hannunsa. Tuwo ko shinkafa ko taliya ko doya, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci; nama ko kifi, faɗin tafinsa ban da yatsu; ganye da kayan lambu, cikin tafi biyu ko fiye. Idan a faranti ne, rabi ganye, rubu'i abin gina jiki, rubu'i hatsi. Da na gwada malmalar da nake yi da dunƙulen hannuna sai na ga ta ninka shi biyu, ni kuma biyu nake ci. Na sayo ƙaramar mara na riƙa kwashe nawa da ita, na kuma juya al'adar da muka gada ta tuwo tuli miya ɗan kaɗan, ya zama miyar ganye ce ke cika kwano, tuwon yana gefe. Wanda yake ci tare da jama'a a tire ɗaya, kamar yadda 'yan kasuwa ke yi a Kantin Kwari ko maza a ƙofar gida bayan magariba, zai iya shata gabansa da ido tun kafin a sa hannu, ya ci a hankali, ya tsame hannu idan ya kai iyakarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, kuma idan babu makawa to sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Muna karanta hadisin a makarantun Islamiyya, amma ba mu cika kawo shi gaban akushi ba, musamman a watan azumi, lokacin da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari ke haɗuwa a tabarma ɗaya har mutum ya fita daga Ramadan ya fi yadda ya shiga nauyi.

Wani zai ce ganye da 'ya'yan itace sai mai hali, kuma a wannan tsadar rayuwa ba zan raina maganarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum ya ci aƙalla giram 400 nasu a yini, abin da ke da nauyi ga mai iyali. Amma wanda ya bi lokaci zai samu sauƙi. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da kayan noman rani na Kura da Kadawa da Bunkure ke shigowa, kabeji da karas da latas da tumatir suna araha. Da damina kuwa rama da zogale da tafasa da yakuwa da alayyahu suna ko'ina, kuma ana iya shanya su a inuwa a adana. Yalo da gurji da kankana da gwaiba kowanne yana da lokacinsa a 'Yan Lemo da bakin titi. Kuɗin da na daina kashewa a kan mai da sukari da lemo shi ne ya koma sayen ganye, cefanen gidana bai ƙaru ba.

Abin da ya fi yunwa wahala shi ne bakin mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, ramar matar aure kuma abin tuhuma ce ga mijinta, shi ya sa har yau 'yan mata ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe gabanin biki suna jawo wa kansu cuta. Ranar da surukata ta ga 'yar malmalar da ke gabana, sai da ta jira kowa ya tashi sannan ta matso ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya, ko wani abu ne yake damunki a gidan nan?" Na ce, "Hajiya, babu komai sai alheri, jinina ne ya hau, likita ya ce in rage nauyi." Ta yi shiru, domin ita ma tana shan maganin hawan jini. Bayan kwana biyu ita da kanta ta ce in rage gishiri da dunƙule a miyar gidan gaba ɗaya, na kuwa yi murna, domin abin da ake so babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Daga ranar tukunya ta koma ɗaya, bambancina da sauran mutanen gida ya tsaya a girman malmala da yawan ganye.

A wata 14 na sauke kilo 11, akwai watannin da ko rabin kilo ban rage ba, kuma har yanzu ina shan maganina bisa umarnin likita. Na haɗa da tafiyar ƙafa ta rabin sa'a, ina sauka daga adaidaita sahu tun kafin a iso makaranta. Masana suna ganin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ba ya cutarwa, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kaɗai yana taimaka wa hawan jini da suga. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara da shayin rage tumbi da ake tallarsa da alkawarin kilo goma a wata, domin da yawansu ganyen filasko ne da makamantansa masu sa gudawa, ruwan jiki suke zubarwa kitsen yana nan. Ina kuma jan kunnen masu ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da masu ciwon ƙoda ko gyambon ciki, da masu juna biyu da masu shayarwa, kada su rage abinci sai da sanin likitansu, yara kuma kada a ɗora su a kan tsarin manya.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware wani ɓangare na shafin kiwon lafiya, ka gayyato masana abinci na manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, su riƙa ɗaukar abincin Kano ɗaya duk mako suna fayyace shi da Hausa kuma da ma'auninmu: malmala, mara, ludayi, gwangwani, cokali. Su gaya mana abin da ke cikin farantin ɗan wake da mai da yaji, da waina biyar da miyar taushe, da gurasa bandashe, da shayi da burodi da indomin mai shayi, sannan su nuna abin da za a rage da abin da za a musanya ga lebura da ma'aikacin ofis da tsohuwar da ba ta fita, tun da buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Irin wannan bayani ne ya kamata a buga a riƙa miƙa wa marar lafiya idan zai fito daga ɗakin likita. Idan masanan suna buƙatar madafin da za su zo su auna malmala da ludayin miya kamar yadda ake zubawa a gidajenmu, nawa a buɗe yake, kuma na san maƙwabtana da dama da za su kawo kwanukansu.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Wata malamar makaranta,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.